Tafiyata Ƙonni Neman Dikko Mai Huji

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni. Tun da na komo daga ƙasar Nijar ban huta da tambaya ba. Duk ranar da na shigo Boɗinga, kafin in jingine keke, mutanen majalisar ƙofar Buhari tela sun fara: yaya ƙasar Faransa, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda, da gaske ne raƙumi ya kayar da ni. Na ba su amsa guntu-guntu har na gaji, kowa kuma in ya tashi faɗa wa wani sai ya ƙara nasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya. Karatuna bai wuce elemantare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba, wato dalilin tafiyar, kuma da shi zan fara.

Ni ne malamin dabbobi na Kajiji, can gaba da Shagari. Abin da ake kira asibiti ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, da firji mai aiki da kananzir, da shingen itace a baya inda ake tura shanu ɗaya bayan ɗaya a yi musu huji, wato allurar rigakafin bushiya, annobar nan mai kashe shanu. Wanda ya taɓa ganin bushiya ta shiga garke ba ya bukatar in yi masa bayani.

Lokacin da aka ba ni wurin mu biyar ne: ni, da masu huji uku, da lebura Ɗan'ige mai kama shanu. Ni kaɗai nake da albashin wata. Masu huji 'yan rana ne, watannin rani ake rubuta musu, da damina kowa ya nemi abin yi. Na ranin ma yakan makara. Ɗaya ya gaji ya tafi masaƙa Kaduna. Ɗaya ya koma noman fadama a Danchaɗi, ya ce albasa ba ta taɓa ce masa ya dawo wata mai zuwa ba. Na rubuta birni ina neman madadinsu, aka ce yaran da suka yi karatu ba sa son ƙauye, waɗanda ke son ƙauye kuma ba su da takarda. Sai Dikko ya rage.

Dikko bai yi boko ba, iyakarsa ya rubuta lamba. Uwarsa Bafillata ce, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba: saniya ba ta sanin an soke ta sai ta fita shinge. Fulani a lokacin gudun huji suke yi, ba don tsoron allura ba, don tsoron ƙirga. Sun ce abin da malamin dabbobi ya rubuta da rani, malamin jangali, mai karɓar harajin shanu, zai karanta da damina. Dikko ya bi ruga-ruga yana lallashi, har ya kai ga Arɗo Manu, dangin uwarsa, wanda garkensa ya fi na kowa cikin masu sauka fadamarmu. Arɗo ya ce sai an rantse masa littafin huji ba zai fita asibiti ba. Dikko ya zo ya tambaye ni. Na ce ya je ya rantse, na ɗauki nauyi. Ya rantse gaban mutane, Arɗo ya kawo shanu, sauran Fulani suka biyo shi. Rani biyu muka yi shinge bai huta ba.

Shekarar da ta biyo bayan mulkin kai, kuɗi suka tsaya. Rani ya ƙare, ruwa ya sauka, ba a biya Dikko da Ɗan'ige ko kwabo ba, nawa albashin ma ya tsaya. Matar Ɗan'ige ta sayar da akuyarta. Ana cikin haka malamin jangali, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a elemantare, ya zo ya zauna ofis ɗina. Ya ce baitulmali ya bushe ne don Fulani na ɓoye shanu, in jangali ya cika kowa zai ga haƙƙinsa, ni kuwa ina zaune kan littafin da zai cika shi. Ya ce wuni ɗaya kawai. Na ce wa raina don yaran aikina nake yi. Gaskiya kuwa har da kaina, domin ni ma rumbuna ya yi ƙasa. Na ba shi.

Aka kira Arɗo Manu ƙofar hakimi, aka karanta masa shanunsa gida-gida, daidai yadda suka bi ta shingenmu. Ya biya. Da kaka ya kwashe mutanensa ya tsallaka iyaka. Kuɗinmu suka fito. Ranar da na miƙa wa Dikko nasa ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malam, wa yab ba su?" Na ce wataƙila daga ofishin birni ne, tun da muna aika rahoto. Ƙarya na yi, rahoton ba ya ɗauke da sunaye. Ya dube ni, ya ce to. Bayan sati ɗaya aka ce ya tafi.

Rani huɗu shinge ya yi babu kowa, sai shanun noman gari da jakuna masu gyambo. Bara da kaka likitan dabbobi ya zo daga birni, mutum mai haƙuri, ya ce za a yi babban huji ko'ina, kuma firji ba su da yawa. In shanu ba su zo Kajiji wannan rani ba, zai kwashe namu ya kai Boɗinga a rufe wurin, a sallami Ɗan'ige. Na san babu Bafillacen da zai koro garke daga kudancin Shagari har Boɗinga don allura, ga shi ana jin labarin bushiya nesa-nesa. Na nemi hutun sati biyu, na ce zan je ziyara. 'Yan tireda na kasuwar shanu ta Shagari sun taɓa ce mini sun ga Dikko wajen Birnin Ƙonni, yana aikin huji tare da mutanen can.

Na bar kekena Boɗinga, na shiga motar albasa zuwa Sakkwato, na sayi ƙwaryar goro ɗaya don tsaraba. Washegari na sami babbar mota mai zuwa Illela. Na sa kakina na aiki mai maɓallan ƙarfe, ina ganin zai sa a girmama ni a hanya. Abin da ya jawo mini shi ne, da motar ta kafe cikin yashi gaba da Gwadabawa, direba ya ce ma'aikacin En'e, wato hukumar Sarki, ya zo ya nuna wa talakawa yadda ake turi. Na tura, takalmina ɗaya ya nutse, na tono shi da hannu ana dariya.

Kusa da ni cikin motar akwai wata dattijuwa, Inna Hajo, mai kai daddawa Ƙonni kowane mako. Ta tambaye ni ko ina da takardar tsallaka iyaka. Na ce ina da wasiƙar hakimi. Ta ce wannan sai dai in nannaɗe goro da ita, kuma in cire kakin nan kafin Illela, don jandarma ba ya son ganin maɓallin wata hukuma. Ta ciro tsohuwar rigar mijinta daga cikin kayanta ta ba ni aro. Rigar na warin daddawa, amma na sa, na gode.

A Illela muka canza mota. Muna wuce iyaka sai na ga direba ya bar hannunsa ya koma ɗaya gefen hanya, ga wata mota na tahowa. Na fara salati da ƙarfi. Inna Hajo ta dafa ni ta ce in kwantar da hankali, su nan dama suke bi. Na ce ashe har hanya Faransa da Ingila ba su shirya ba.

Wurin binciken, jandarma ya juya wasiƙata, ya ce ba ya jin abin da ke ciki, ya tambayi sana'ata. Na yi niyyar in ce fatauci, sai na tuna ƙarya ce ta fito da ni daga gida, na ce malamin dabbobi ne ni. Ya ce in biyo shi. Na bi shi. Bayan ɗakinsu ya kai ni, ga rago ɗaure yana ɗingishi, ragon sunan ɗansa ne da za a yi cikin kwana uku. Na ɗaga ƙafar na ga ƙaya ta karye cikin kofato ta yi ruwa. Na cire da wuƙata, na wanke da ruwan gishiri. Mutumin nan ya rubuta mini wata 'yar takarda da hatimi, ya hana ma'aikatan duwan, wato kwastan, su taɓa gorona, har ya ce in na dawo da wuri in zo suna. Bahaushe ne, ɗan Dogon Dutsi. Hula kawai ta bambanta mu.

Inna Hajo ta kai ni gidan Alhaji Illo, fatoman masu shanu, wato mai saukar da su yana yi musu dillanci. Zaurensa cike da Fulani da Buzaye da Yarbawa masu saye, kowa da buzunsa. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da na kwana. Maganar burodi gaskiya ce: dogo ne, ɓawonsa ya yanke mini dasashi, sai da na tsoma cikin shayi. Tuwon gero da miyar kuka kuwa kamar na gida, furarsu ma ta fi tamu nono. Kuɗinsu suka ruɗe ni, Alhaji ya karɓi sulallana ya canza mini, ya ce in na shiga kasuwa in rufe baki in bar shi ya yi magana, don da na buɗe za a san Basakkwace ne a ninka mini.

Na je ofishin dabbobi da tsakar rana na tarar an kulle. Ashe su da rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Na zauna gindin bedi, wato dogon yaro, ina jira, ina cewa da mu ne muka yi haka da an ce lalaci ne. Da aka buɗe, babban ma'aikacin wurin ya karɓe ni da kyau da ya ji aikinmu ɗaya. Ya zagaya da ni ya nuna mini firjinsu da motarsu. Na tambaye shi albashi. Ya ce nasu bai cika makara ba, kuma mai huji in ya daɗe ana mayar da shi ɗan wata, ko bai yi lakwal ba, wato makaranta. Amma shi ma kuka ya yi mini: duk wanda aka koyar ya iya sai ya nemi a mayar da shi Yamai, rijiyoyin daji babu mai son zama. Ya ce da yana da irin Dikko guda uku da ya yi barci. Da na ji haka na gane ba za su sake shi da sauƙi ba. Duk da haka mutumin nan bai ɓoye mini ba, ya ce Dikko na wata rijiya arewa, tafiyar yini da rabi.

Alhaji Illo ya haɗa ni da wani Buzu mai suna Agali da zai bi ta can da raƙuma. Maganar faɗuwa ita ma gaskiya ce, amma sau ɗaya ne, ba sau uku ba kamar yadda Buhari ke faɗa. Babu wanda ya gaya mini raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Na tsaya ina gyara hula, sai na gan ni ƙasa gaban wuyansa. Agali bai yi dariya ba, ko kuwa ya yi cikin rawaninsa ban gani ba. Da muka ya da zango ya dafa shayi cikin 'yar buta, na sha kofi ɗaya mai ɗaci na ce alhamdu lillahi na tashi. Ya kira ni ya ce a wurinsu wanda ya sha na fari ya tashi, ya nuna bai yarda da mai shayin ba ne, sai an sha uku. Na koma na zauna. Ya ba ni cuku, busasshen nono mai tauri kamar fata, da dabino. Ko tamma bai karɓa ba har muka rabu, goro biyar kawai ya yarda ya ɗauka.

Da hantsi muka isa rijiyar. Tun daga nesa na gane Dikko da tsayuwarsa bakin shinge. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara masa. Garke na wucewa, yana soka allura, wani na riƙe kai, amma babu mai huda kunne, wato alamar da ake yi wa wadda aka riga aka yi wa huji, sai shi yake ajiye allura ya yi. Ya ɗaga kai ya gan ni. Na shirya gaisuwa tun daga Kajiji, ban sami faɗinta ba. Ya miƙo mini abin huda kunnen ya ce, "Malam, kama nan, mun rasa mutum guda." Na tuɓe rigar mijin Inna Hajo na kama. Har azahar muna aiki, ba mu ce wa juna komai ba sai "ta wuce", "kawo wata". Rabona da in ji daɗin aiki haka tun ranar da ya tafi.

Bayan salla muka zauna inuwar bukkarsa, ya sa aka kawo fura. Ya tambayi iyalina da Ɗan'ige da matarsa. Ni kuwa, don rashin ƙarfin hali, sai na fara da maganar asibiti: za a rufe, babu mai huji, ya taimaka ya dawo. Ya bar ni na gama. Sannan ya tambaye ni ko yanzu mai huji ya zama ɗan wata a wurinmu. Na ce a'a. Ya tambaya ko kuɗin rana na fitowa kan lokaci. Na ce ba kullum ba. Ya ce yana da mata da 'ya'ya huɗu a Ƙonni, kuma tun da ya zo nan ba su kwana da yunwa ba. Ya ce, "Ba ni komawa, Malam. Kai ma in kai na, ba ka komawa."

Na ce gaskiya ne. Sannan na ce akwai wata magana. Na gaya masa ni na ba da littafin, da hannuna, kuma ranar da ya tambaye ni ƙarya na yi masa.

Ya ce, "Na sani. Da littahin yad dawo na ga jan fensir gefen kowane suna. Kai ko ba ka da jan fensir."

Na ce to me ya hana shi faɗa mini a lokacin.

Ya ce, "Kai na babba. Na tambaye ka don in ba ka ƙofa, kaƙ ƙi shiga. Mi za ni yi, in ce ma maƙaryaci?"

Ya ce shi tsakaninsa da ni ya wuce tun tuni. Amma akwai abin da ban sani ba. Mutanen Arɗo Manu na nan yamma, tafiyar rabin yini, kuma har yau sun ɗauka shi ya sayar da su. In ya yi sallama ba sa amsawa. Da uwarsa ta rasu sun zo sun yi salla sun tafi, babu wanda ya yi masa gaisuwa. Shanunsu kuwa rani huɗu ba a yi musu huji ba, ko can ko nan, don duk inda suka ji shi ne mai allura sai su kauce. Bai taɓa ambaton sunana gare su ba, ya ce wanda ya rantse shi ne mai laifi a idonsu, in ya ce wani ne sai su ce ya ƙara ƙarya. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Ina Kajiji ina ganin aiki kawai na raba shi da shi.

Na ce ya kai ni. Ya ce sai dai in sani ba zai yi mini tafinta ba, da bakina zan faɗa, suna jin Hausa sarai in sun ga dama.

Washegari muka tafi a ƙasa. Arɗo Manu ya tsufa ƙwarai, yana zaune kan tabarma, mazan ruga kewaye da shi. Suka amsa sallamata, ta Dikko suka yi kamar ba su ji ba. Ya tsaya can nesa cikin rana. Aka kawo mini ƙwaryar madara tun ba a san ko ni wane ne ba. Na ce ba zan sha ba sai na yi magana. Na durƙusa na ce, "Allah shi ba ka nasara, ni na malamin dabbobi na Kajiji. Rantsuwar da Dikko yay yi maka, ni nis sa shi. Littahin kuma ni nib ba da, bai sani ba. Da yat tambaye ni, na ɓoye mai." Na ajiye goron gabansa.

Wani daga cikinsu ya yi magana da Fillanci da zafi, Arɗo ya ɗaga masa hannu. Ya tambaye ni wata nawa muka yi ba albashi a shekarar. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce yunwa ya san ta. Ya ce kuɗin jangalin sun biya sun manta, shanu sun haihu sun mayar. Abin da bai manta ba shi ne an tsaya gaban mutane an faɗi yawan shanunsa da baki, abin da ko ɗansa ba ya yi, don su ba sa ƙirga dukiya a fili. Sannan ya ce, "Amma wanga duk ƙarami na. Kai kas sa munka yi shekara huɗu muna ƙin ɗan ɗiyarmu."

Na ce haka ne.

Ya juya ya kira Dikko da wani suna na Fillanci da ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Ya matsa ya ba shi gefen tabarma. Ya ɗauki ƙwaryar madarar da aka kawo mini ya miƙa masa, sai da ya sha sannan aka ba ni. Dikko ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Ko da a nan tafiyata ta ƙare, da na ce ta biya.

Sai da aka ci abinci na kawo maganar Kajiji. Dikko ne ya taimake ni. Ya ce shi a nan ba ya rubuta sunan kowa, sunan rijiya yake sa a rubuta da jimillar shanun da suka wuce a yini, kuma babbansu bai taɓa neman fiye da haka ba. Na yi mamakin yadda shekara da shekaru ina jan layi ina rubuta sunaye don haka na tarar ana yi, ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Na ce ni ma haka zan yi. Arɗo ya dube ni ya ce ni tsoho ne, gobe in ajiye aiki, wani ya zo da nasa alƙalami. Ya ce kuma da rani kowa na da alkawari, damina ce ke nuna mutum. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya ce mu gani.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Na mayar wa Inna Hajo rigarta a kasuwar Ƙonni, ta ce na wanke mata warin da mijinta ya saba da shi. Alhaji Illo ya ƙi karɓar kuɗin masauki, ya ce ni ba saniya na sayar ba balle ya ci la'ada. Na iso Kajiji kwana biyu bayan hutuna ya ƙare.

Ranar da aka buɗe huji likita ya zo da kansa ya sauka Shagari. Yini na fari babu ko saniya ɗaya. Na biyu haka. Ɗan'ige ya share shingen har sau uku don ya rasa abin yi. Likita ya ce jibi motarsa za ta zo da igiyar ɗaure firji. Rana ta uku da hantsi Ɗan'ige ya shigo da gudu ya ce shanu. Na fita. Ba garke ba ne, tsofaffin shanu ne kamar goma sha biyar, waɗanda suka daina haihuwa, wata ma ido ɗaya gare ta. Mutum biyu na Arɗo ke kore da su, na ukunsu Dikko. Na gane nan take: Arɗo ya aiko waɗanda ko an ƙirga su ba a cuce shi ba.

Na ce, "Dikko, ka dawo?"

Ya ce, "Ban dawo ba, Malam. Hutu nika yi. Ina allurar?"

Ranar kasuwa ce, Fulanin yankin na tsaye nesa suna kallo. Sun ga alamar Arɗo Manu jikin shanun, sun ga mutanensa na cin abinci ƙwarya ɗaya da Dikko. Washegari wani daga wajen Dandin Mahe ya kawo ɗan garkensa. Bayansa wasu biyu. Ba a cika shinge kamar da ba, amma bai sake zama babu kowa ba. Likita ya buɗe littafina ya ga babu sunaye, ya tambaye ni. Na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Ya ce shi yawan waɗanda aka yi wa allura yake bukata, ba sunan masu su ba. Ya bar mana firji zuwa baɗi. Ya kuma ce zai rubuta a nemi a mayar da mai huji ɗaya ɗan wata. Har yanzu ba mu ji amsa ba, amma ya rubuta, na ga takardar.

Dikko ya yi kwana goma sha biyu ya koma. Kuɗin ranar da na rubuta masa ba su fito ba har ya tafi. Ya yi dariya ya ce ashe gida na nan yadda ya bar shi, in sun fito a ba Ɗan'ige. Kafin su tafi, ɗaya daga mutanen Arɗo ya ja ni gefe ya ba ni saƙo: in damina ta wuce ba a kira sunan kowa ƙofar hakimi ba, rani mai zuwa garke duka zai sauko.

Na gode wa Allah, na gode wa duk waɗanda na ambata, yawancinsu ba su san ni ba suka yi mini alheri. Wanda ya san ni kuma, wato Dikko, ya fi su yi.

Saura amsar tambaya ɗaya da 'yan majalisa ke yi mini. Kun san ƙarshen wannan rani ya kamata in ajiye aiki in dawo cikinku, har Buhari ya ce ya tanadar mini wuri kan benci. Na rubuta na roƙi a ƙara mini shekara ɗaya, an yarda. Albashi ya sake makara wata biyu, hadari ya fara haɗuwa gabas, masu jangali kuma sun kusa fitowa. Duk wanda zai zo tambayar littafin huji Kajiji bana, ina so ni zai tarar a ofis. Ku ba wani wurin nawa aro, sai baɗi.